Wayar Da Ke Ƙonewa A But Ɗin Mota

A 1925 wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana tsarin lasifikar da ake amfani da shi har gobe: siririyar wayar tagulla a nannaɗe, zaune a tsakiyar maganaɗisu, manne da kwali mai siffar mazurari. Wuta ta ratsa wayar, kwalin ya tura iska gaba da baya, kunne ya ji sauti.

Mota ta samu rediyo da wuri, domin a 1930 kamfanin Paul Galvin ya fito da Motorola a Shikago. Amma shekaru da dama sautinta siriri ne. Amo mai kauri, irin wanda ake ji a ƙirji, sai a shekarun 1970 ya bunƙasa. Fim ɗin Earthquake na 1974 ya girgiza kujerun sinima da manyan lasifikan Cerwin-Vega. Jim Fosgate ya shiga ƙera amfilifaya ta mota, sannan a 1980 Steve Irby na garin Stillwater a Oklahoma ya fito da akwatin Kicker. Da kiɗan Miyami ya zo da gangar na'urar Roland TR-808, sai matasa suka cika but da lasifika, har aka shiga gasar wa ya fi ƙara.

Daga nan asarar lasifika ta yawaita. Ƙarfi ya ninka, amma wayar nan ta 1925 tana nan yadda take, kuma mafi yawan wutar da ke shigarta zafi take zama, kaɗan ce ke komawa sauti. In aka murɗa amfilifaya fiye da ƙarfinta, sautin yakan tsage, wutar da ke kwarara ta ƙaru, gam ɗin da ke riƙe da wayar ya narke. Mai gyara yana sanin labarin kafin ya kwance ko noti ɗaya: ƙaurin ƙuna, da kwalin da ke gurzawa in an danna shi da yatsu. Abin takaici, da yawa suna ɗaukar maɓallin daidaita shigar sauti na jikin amfilifaya a matsayin na ƙara murya, su kai shi maƙura.

Wata mutuwar lasifikar kuma daga akwati take. Akwati mai huda yana riƙe kwalin ne zuwa wani mataki na kaurin amo. In amon ya fi haka kauri, sai kwalin ya yi ta tsalle babu birki har gefensa ya yage. Shi ya sa masu ƙera amfilifaya suka sa matattarar da ke yanke amon da ya yi ƙasa da yawa, kuma kamfanoni ke rubuta girman akwatin da ya dace da kowace lasifika, tare da adadin wat ɗin da za ta iya ɗauka na tsawon lokaci, wanda ya gaza babbar lambar da ake bugawa a jikin kwalin talla.