Yaƙin Indoshin cikin silima: labarin La 317e Section

 A wannan fitowa muna so mu yi magana bisa wani tsohon silima na Faransa mai suna La 317e Section, wato Rukunin soja na 317, wanda ya fito a 1965. Wani zai ce mi ya haɗa mu da silimar nasara da aka yi shekara sittin da suka wuce. To, yaƙin da aka nuna ciki, kakanninmu sun yi shi. Kusan kowane gari na ƙasar nan yana da tsohon da aka sani da cewa ya je Indoshin, amma mu kanmu malaman lakwal, da aka karantar da mu sarakunan Faransa ɗaya bayan ɗaya, ba a tsaya an yi mana bayanin wannan yaƙi ba.

Ga yadda abin ya faro. Indoshin ƙasashe uku ne da Faransa ta mallaka a gabashin duniya: Biyetnam, Lawos da Kambodiya. Da yaƙin duniya na biyu ya ƙare, Ho Chi Minh ya yi shelar ƴancin Biyetnam ran 2 ga Satumba 1945. Faransa ba ta yarda ba, kuma a Disamba 1946 wuta ta kama tsakaninta da ƴan Biyetmin. Gwamnatin Faransa ba ta aika samarinta masu aikin soja na dole ba, sai sojan da suka sa hannu da kansu, da ƴan Lajiyon, da na Maroko da Aljeriya, da ƴan ƙasar kansu, da kuma baƙaƙen Afirka da ake kira tirayar na Senegal ko da daga Tawa ko Damagaram mutum ya fito. Baƙaƙen da suka ratsa wannan yaƙi daga 1947 zuwa 1954 sun kai wajen 60,000. Ƙarshen abin ya zo a kwarin Diyan Biyan Fu, inda janar Giap ya kewaye sansanin Faransa daga 13 ga Maris har ya faɗi ran 7 ga Mayu 1954.

Mutumin da ya yi silimar, Pierre Schoendoerffer, yana cikin wannan kwari. Aikinsa ɗaukar hoto ne ga rundunar Faransa. Da sansanin ya faɗi aka kama shi, ya yi wata huɗu a hannun Biyetmin. Ya fara rubuta labarin cikin littafi a 1963, kana ya tafi dajin Kambodiya a 1964 da mutane ƙalilan ya ɗauke shi, baƙi da fari. Mai riƙe da kamara, Raoul Coutard, shi ma tsohon sojan Indoshin ne. Shi ya sa in mutum yana kallo ba ya jin kamar wasa ne ake yi.

Labarin ba shi da tsawo. A farkon Mayu 1954 an ba wani ƙaramin sansani mai suna Luong Ba, kan iyakar Lawos, umurnin ya tashi. Nasara huɗu ne ciki da ƴan Lawos 41. An ce su nufi Tao Tsai, kilomita 150 kudu, da ƙafa, cikin kurmi, ruwan sama na zuba, maƙiya na bin sawunsu. Shugabansu ƙaramin hafsa ne, Torrens, wanda Jacques Perrin ya fito a matsayinsa, yaro ɗanye da bai daɗe da fitowa makarantar hafsoshi ba. Mataimakinsa lajidan Willsdorff, wato Bruno Cremer, mutumin Alzas ne da Jamus ta sa cikin sojanta a yaƙin duniya, ya ga abin da ya gani, ba ya saurin magana.

Abin da ya raba su shi ne masu rauni. Tun farkon tafiya aka yi arangama, wasu suka jikkata, har da sarjan Roudier. Torrens ya ce ba za a bar kowa ba, a sare gora a yi gadon ɗauka. Willsdorff ya san lissafin: duk mai rauni ɗaya yana cin ƙarfin masu lafiya da yawa, tafiyar yini tana komawa ta yini biyu, kuma wanda ake ɗauke da shi sau da yawa ba ya kai gida. Ya faɗi ra'ayinsa, amma ya bi umurni. A nan ne muka ga gwanintar silimar, don bai ce wa mai kallo ga mai gaskiya ba. Yaron yana da tausayi, tsohon yana da sani, kuma kowane ɗayansu za a biya da rai. Mun tattauna wannan tsakaninmu, ba mu daidaita ba. Mafi yawanmu mun ce da mu ne da mun ɗauki ɗan'uwa, amma faɗa a inuwa ba shi da wuya. Sannu a hankali mutanen biyu suka fara ganin girman juna. Torrens ya kamu da atuni, yana tafiya yana tangaɗi. Ta rediyo suka ji Diyan Biyan Fu ya faɗi. Tao Tsai ɗin ma da suke ta wahala dominsa, kafin su isa ya riga ya shiga hannun Biyetmin. A ƙarshe aka faɗa musu, Torrens ya samu raunin da ya zama ajalinsa, Willsdorff ya shige duwatsu da ƴan tsirarun da suka rage. Rubutun ƙarshe ya ce shi ma an kashe shi a Aljeriya a 1960.

Babu tuta, babu jawabin jarumta, babu kiɗa mai tada tsikar jiki. Laka ce da matsattsaku da shinkafa da gajiya. Silimar ya samu kyautar tsarin labari a bikin Cannes na 1965, kuma har yau ana lissafa shi cikin mafi kyawun silimar yaƙi na Faransa.

Sai dai muna da ƙorafi. Mutum 41 na Lawos su ne suka ɗauki kaya, su ne suka ɗauki masu rauni, su ne suka fi mutuwa, amma in ka cire sarjan Ba Kut, da wuya ka riƙe sunan ɗaya. Ido na kan nasara biyu. Dalilin da ya sa Biyetmin suke yaƙi ma an taɓa shi ne kawai a wurin da aka matse ƙwai cikin tafin hannu, farin ya tsiyaye, gwaiduwa ta zauna, wato farar fata za ta tafi, masu ƙasa su rage. Baƙin soja kuwa ba ya cikin labarin. Ba mu ce laifi ne ba, tun da rukunin ƴan Lawos ne aka nuna, amma wanda bai san tarihi ba zai fita yana zaton ba mu je ba.

Wanda ya cike wannan giɓi ɗan ƙasarmu ne. Oumarou Ganda, haifaffen Yamai a 1935, ya shiga soja yana ɗan shekara 16, aka kai shi Indoshin. Da ya dawo bai samu aiki ba, ya tafi Abijan yana dako a tashar jirgin ruwa, inda Jean Rouch ya sa shi cikin Moi, un noir na 1958. Daga baya ya yi nasa silimar, Cabascabo, da harshen Zabarmanci, aka nuna shi a Cannes a 1969. Labarin tsohon soja ne da ya dawo da kuɗi, abokan ci da maroƙa suka kewaye shi, kuɗin suka ƙare, kowa ya watse. Schoendoerffer ya tsaya a bakin kurmi, Ganda ya biyo sojan har ƙofar gida. Ya rasu ran 1 ga Janairu 1981, kuma gidan al'adu na CCOG a Yamai sunansa yake ɗauke da shi. Janar Seyni Kountché, da ya mulki ƙasar daga 1974 zuwa 1987, shi ma ya yi Indoshin da Aljeriya.

Sauran maganar ta fansho ce, kuma mazan jiya sun fi mu saninta. A Disamba 1959 Faransa ta yi doka da ta daskarar da fanshon sojan ƙasashen da suke samun ƴanci: abin da kake karɓa a lokacin, nan za ka tsaya, alhali na abokin ramin ka na Faransa yana hawa kowace shekara. Mutum biyu, rauni iri ɗaya, kuɗi ya bambanta ninki da yawa. An fara gyara da gaske a 2006, bayan fitowar wani silima mai suna Indigènes, kuma sai daga 1 ga Janairu 2011 aka daidaita duka. Yaron da ya sauka Indoshin a 1954 yana ɗan shekara 18, ranar da aka daidaita yana da 75.