Matan Hazara, Daga Kasuwar Bayi Zuwa Ɗakin Haihuwa

Ya ke 'yar uwata, yau labarin wasu mata zan ba ki, 'yan ƙabilar Hazara da ke zaune a tsaunukan tsakiyar Afganistan, wajajen Bamiyan. Musulmi ne, akasarinsu 'yan Shi'a, kuma kamanninsu sun fi kusa da na mutanen Mongoliya. Don haka ba su da halin sajewa cikin taro, kamar dai yadda mai zane a fuska ba ya ɓuya a kasuwar Maigatari ranar Alhamis.

Masifarsu ta daɗe. Tsakanin 1891 da 1893 Sarki Abdur Rahman Khan ya kai musu yaƙi, bayan ya sa malaman fadarsa sun kafirta su. Aka kashe maza, aka ƙwace gonaki da wuraren kiwo aka ba wasu, mata da 'yan mata kuwa aka kora su Kabul da Kandahar aka sayar. Waɗanda suka tsira da yawa suka gudu Kwetta, wadda yanzu take Pakistan, wasu kuma Mashhad ta Iran. Kada ki ga kamar abin ya yi mana nisa, a daidai wannan zamanin kakanninmu ma da tsoron mahara suke kwana. Sai a 1923, zamanin Sarki Amanullah, tsarin mulki ya haramta bauta. To amma raini ba ya jin doka. Mazansu suka ci gaba da dako a birni, matansu na aikatau a gidajen mutane.

Abin da ya fi burge ni da su shi ne yadda suka riƙe karatu hannu bibbiyu. Ga Sima Samar, wadda aka kama mijinta aka yi gaba da shi, ba ta sake ganinsa ba. Ta ƙarasa karatun likita, ta buɗe asibiti da makarantun 'yan mata tana gudun hijira a Kwetta, a 2001 kuma ta zama ministar harkokin mata. A 2005 Habiba Sarabi ta zama gwamnar Bamiyan, mace ta farko da ta riƙe irin wannan muƙami a ƙasar.

Sai kuma aka biyo su har inda suka fi rauni. Ranar 12 ga Mayu 2020 'yan bindiga suka shiga sashen haihuwa na asibitin Dasht-e-Barchi, unguwar Hazara a Kabul, suna bin ɗaki ɗaki. Mutum 24 suka rasu, 16 daga cikinsu uwaye ne, wasu masu jego, wasu suna kan gwiwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ke da kika taɓa naƙuda, kin san ko tashi zaune ba a iyawa, balle gudu. A Mayun 2021 bam ya tashi a ƙofar makarantar Sayyid al-Shuhada lokacin tashi, ya kashe fiye da mutum 80, yawancinsu ɗalibai mata. Mu da Dapchi take maƙwabtaka da mu, mun san zafin jiran 'yar da ba ta dawo daga makaranta ba.

Bayan Taliban sun koma mulki a Agustan 2021 suka tsayar da karatun 'yan mata a aji shida, suka rufe musu jami'a a ƙarshen 2022. A Disamban 2024 har koyon aikin ungozoma suka hana mata.