Shayin Kashe Wutar Hanta: Tarihinsa a Ƙasar Sin

Yau tafiyarmu ƙasar Sin ce. Na san da yawanku kun ci karo da tallar "shayin wanke hanta" a Facebook ko TikTok, ana cewa sirrin Sinawa ne na shekaru dubbai. To shayin yana da tarihi na gaske, kuma shi nake so mu bi daki-daki, domin a cikinsa akwai hikima, akwai kuma mutanen da suka rasa ƙodarsu.

Mu fara da kalmar hanta kanta. A tsohon littafin likitancin Sin mai suna Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa sama da shekara 2,000 da suka wuce, hanta ta wuce wannan tsokar da likita ke dubawa a hoton asibiti. A wajensu wani tsari ne a jiki da ke ajiye jini, yana da alaƙa da idanu, da jijiyoyi, da fushi. Idan mutum ya cika ɓacin rai, ko giya, ko abinci mai yaji da maiƙo, sai su ce wuta ta tashi a hantarsa. Alamunta su ne jan ido, ciwon kai, ɗacin baki, saurin fushi, da rashin barci. Kun ga kamar yadda mu ma muke cewa zafi ya yi wa wane yawa, ko sanyi ya kama shi.

Tunda wuta ce, maganinta abu mai sanyi. Sanyin ma na ɗabi'ar ganyen suke nufi, ko da shayin na tururi aka sha shi. Uku ne suka fi shahara. Akwai juhua, wani fure fari ko rawaya da ake busarwa a jiƙa, wanda sunansa ya zo tun a Shennong Bencao Jing, littafin da ya lissafa magunguna 365. Akwai xiakucao, ma'anar sunan ciyawar da ke bushewa lokacin zafi. Na ukun zai ba ku mamaki. Juemingzi suke ce masa, kuma 'ya'yan tafasa ne. Eh, tafasar da muke kwaɗo da ganyenta. Su 'ya'yan suke soyawa sama-sama, su dafa, su sha don idanu da taurin bayan gida.

A ƙarni na 16 wani likita, Li Shizhen, ya shafe kusan shekara 27 yana tattara wannan ilimi. Ya kammala littafinsa Bencao Gangmu a 1578, da magunguna 1,892, amma sai a 1596 littafin ya fito, shekara uku bayan rasuwarsa.

Yadda shayin ya fito daga littafi ya shigo titi kuwa, a kudancin Sin ne, yankin Guangdong mai zafi da gumi. Can suke kiransa liangcha, wato shayi mai sanyaya jiki. A 1828 wani mutum mai suna Wong Chat Bong ya fara sayar da nasa a birnin Guangzhou, shi ne asalin Wong Lo Kat da yau ake sayarwa a gwangwani. Talakan da ba shi da kuɗin ganin likita, sai ya tsaya a shago ya kurɓi kwano guda mai ɗaci ya wuce aikinsa. A Hong Kong, shekarun 1950 da 1960, shagunan nan sun zama majalisar matasa, don a nan ake samun rediyo da talabijin. A 2006 gwamnatin Sin ta sa liangcha cikin jerin al'adun gado na ƙasa.

Yanzu ku natsu, ga inda labarin ya yi duhu. Akwai wani haɗi mai ƙarfi na kashe wutar hanta, Longdan Xiegan, da ake dafawa a sha ko a haɗiya a ƙwaya. Cikin kayan haɗinsa akwai wani itace, mutong. A ƙarni na 20 sai aka koma sa wani mai kama da shi a suna da siffa, guan mutong. Shi wannan yana ɗauke da sinadarin aristolochic acid mai lalata ƙoda.

Asirin ya fara tonuwa ne a Beljiyam, farkon shekarun 1990, inda mata sama da 100 suka kamu da ciwon ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba mai ɗauke da wani ganye daga wannan dangi. Da yawansu sai da suka koma wankin ƙoda ko dashe. A Fabrairun 2003 wata 'yar jarida ta kamfanin dillancin labarai na Xinhua, Zhu Yu, ta fallasa cewa masu shan Longdan Xiegan a Sin ma ƙodarsu na mutuwa. A shekarar gwamnati ta haramta guan mutong. Daga baya hukumar binciken kansa ta duniya ta sa sinadarin a sahun farko na abubuwan da ke jawo ciwon daji, kuma wani bincike na 2017 ya gano tabonsa a yawancin samfuran kansar hanta da aka duba daga Taiwan. Wato an je neman ƙiba an samo rama.

Kada wani ya ce na zo rushe maganin gargajiya. Tu Youyou, wadda ta ci kyautar Nobel a 2015, daga tsofaffin littattafan nan ta samo hanyar fitar da artemisinin, maganin maleriyar da muke sha yau. Bambancin shi ne nata an kai shi ɗakin gwaji, an auna, an san adadin da ya dace.

Ga abin da nake so ku riƙe. Wutar hanta ta Sinawa daban, ciwon hanta na hepatitis B daban. Hepatitis B ƙwayar cuta ce, tana iya zama a jikin mutum shekaru ba jan ido ba ɗacin baki, tana cin hantar a ɓoye, kuma tana da yawa a yankinmu. Gwajin jini kaɗai ke nuna ta. Akwai rigakafi, akwai magungunan da ke danne ta. Mai talla da ya fassara waccan kalma ya manna ta a kan wannan cuta, da ranka yake kasuwanci.

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan an miƙo maka kwalin shayi da rubutun da ba ka iya karantawa, tambayi me ke ciki, ka duba lambar NAFDAC. Mai juna biyu, da mai ciwon ƙoda, da wanda ke kan maganin asibiti, su tuntuɓi likita tukuna. Wanda kuma bai taɓa gwajin hanta ba, ya daure ya je a wannan makon.

Ku tura wa wanda kuka san yana shan irin wannan shayi, ku kuma ajiye mana ra'ayinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya ƙara mana lafiya.