Yadda ake buɗe ƙofa a na'urar rarraba intanet

Ɗan kasuwar da ya sanya kyamarorin tsaro a shagonsa na Kasuwar Kurmi, a cikin birnin Kano, kan so ya riƙa ganin abin da ke gudana ta wayarsa ko da ya yi tafiya.

Sai dai na'urar rarraba intanet, wadda ake kira rauta, ba ta barin saƙo daga waje ya shiga, in ba wata na'ura ta ciki ce ta nema ba. Dole sai an buɗe masa hanya.

Ƙofofi masu lamba

Kamar yadda ake shiga birni ta Ƙofar Mata ko Ƙofar Nasarawa, haka saƙonni ke shiga kwamfuta ta ƙofofi masu lamba, har zuwa ta 65,535. Shafukan intanet na bin ƙofa ta 80 ko ta 443, hotunan kyamara kuma galibi ta 554.

Buɗe ƙofa shi ne a umarci rauta ta miƙa duk saƙon da ya zo ta wata lamba ga na'ura guda a cikin shago.

Matakai

Da farko ana bai wa na'urar naɗar hotuna adireshi na dindindin, domin idan ya sauya bayan an ɗauke wuta, saƙo zai ɓace.

Daga nan sai a shiga shafin sarrafa rauta, wanda yawanci ke kan 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, a nemi sashen da aka rubuta wa "Port Forwarding". A nan ake sanya lambar ƙofar da adireshin na'urar, sannan a adana.

Ana gwada aikin ne da wani layin intanet daban, ba na shagon ba.

Cikas

Adireshin intanet na tsohon tsari bai wuce biliyan 4.3 ba, kuma babbar ma'ajiyarsa ta ƙare a 2011. Don haka kamfanonin wayar salula kan haɗa masu hulɗa da yawa a kan adireshi guda.

A irin wannan layi ƙofar ba za ta yi aiki ba, sai an nemi adireshi na musamman daga kamfanin.

Haɗari

Duk ƙofar da aka buɗe wa mai shago, an buɗe ta ne ga duniya. A watan Oktoban 2016, manhajar Mirai ta yi amfani da dubban kyamarori da rautoci da ba a sauya musu kalmar sirri ba, ta kai hari kan kamfanin Dyn na Amurka, lamarin da ya katse shafuka irin su Twitter.

Ƙofar birni tana da sarkin ƙofa, amma ta rauta kalmar sirri ce kaɗai mai gadinta. Shi ya sa ya wajaba a sauya wadda na'ura ta zo da ita, a sabunta manhajarta, a kuma rufe duk ƙofar da aka daina amfani da ita.