Masaƙun Kakuri da Darasin Tattalin Arziki a Babbar Sakandare

Tsakure

Wannan maƙala ta auna manhajar darasin tattalin arziki ta aji huɗu zuwa shida na sakandare da tarihin masana'antun kudancin kogin Kaduna. Hujjarta ita ce, manyan batutuwan da WAEC da NECO ke tambaya suna da misalai tsakanin Kakuri da Sabon Tasha, kuma sakaci ne a bar ɗalibi da hadda kawai.

Manhaja da jarrabawa

Ɗalibi yakan fara da ma'anar tattalin arziki da Lionel Robbins ya bayar a 1932, wadda ta ginu kan yawan buƙatu da ƙarancin abin biyan su. Daga nan sai farashi, kafa masana'antu, hauhawar farashi da cinikin ƙasa da ƙasa. Jarrabawar WAEC takarda biyu ce: tambayoyin zaɓi 50, sannan ta rubutu, wadda sashenta na farko ke ba ɗalibi jadawali ko zane ya yi lissafi ya yi bayani. A nan mai hadda ke tuntuɓe.

Kakuri

Tambayar da ta saba fitowa ita ce dalilan da ke sa a kafa masana'anta a wani wuri. Amsarta na tsaye a Kakuri. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila, ta buɗe masaƙar KTL. Ga ruwan kogi na rini da wanki, ga mahaɗar jirgin ƙasa, ga audugar ƙasar Zariya da Funtuwa, ga kasuwar Arewa mai son atamfa. Masaƙun UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, sai kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975. Ma'aikata suka cika unguwannin Makera da Nasarawa, ƙungiyarsu ta yi ƙarfi. A Arewa Textiles ne Adams Oshiomhole ya fara gwagwarmayar ƙwadago.

Durƙushewar masaƙun ma babi ce a manhaja. Shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji da sinadaran rini da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Wutar lantarki ta gaza, baƙin mai ya yi wuya, yadin Sin mai araha ya kwararo ta fasa-ƙwauri. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Da albashi ya tsaya, mai tuwo a bakin ƙofar masaƙa da mai gidan haya da tela duk suka ji a jikinsu. Yaron da kakansa ya yi aiki a ɗakin saƙa ba ya buƙatar dogon sharhi kan yadda kuɗin mutum ɗaya ke zama cinikin wani. Sunan abin kawai ya rage a koya masa.

Matatar mai

Matatar Kaduna, wadda aka ƙaddamar a 1980, ta fi wuyar bayani, shi ya sa ta fi amfani a aji. Ɗanyen mai yana Neja Delta, sai an turo shi ta bututu daga wajen Warri. An fifita kusanci da masu saye a Arewa, siyasa ma ba ta rasa hannu ba. Ko hakan ya dace? Muhawara ce da ɗalibai za su iya yi da hujjojin littafinsu.

Cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuwa ya ba malami alƙaluma kyauta. WAEC tana hidimar ƙasashe biyar, ba za ta ambaci unguwanni irin su Barnawa ko Narayi ba, don haka aikin ya rataya a wuyan malami: ɗalibai su tattaro kuɗin mota daga Sabon Tasha zuwa Babbar Kasuwa kafin ranar da bayanta, su jera a jadawali, su lissafa nawa ya ƙaru cikin ɗari, kamar yadda sashen farko na takardar rubutu ke nema.