Cutar Layim: Yadda ake samun likita, yadda ake fara magani, da rigimar da ta raba kan likitocin Amurka

Cutar Layim, wadda ake rubutawa Lyme a takardun asibiti, tana cikin cututtukan da maganinsu ke da araha kuma yake aiki idan an fara shi da wuri. Duk da haka, a Amurka ta zama fagen jayayya tsakanin ƙungiyoyin likitoci, kamfanonin inshora da majalisun jihohi, har ta kai wanda aka ce yana ɗauke da ita kan rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Irin likitan da mara lafiya ya fara gani shi ke nuna ko zai sha magani na mako biyu ya warke, ko kuma zai shafe watanni yana kashe kuɗi a kan maganin da bincike bai tabbatar da amfaninsa ba.

Asalin cutar

Cutar ta samo sunanta daga garin Layim da ke jihar Konetikat, inda a shekarar 1975 aka lura da yara da yawa masu fama da kumburin gaɓoɓi. Dokta Allen Steere na Jami'ar Yale ya jagoranci binciken farko, sannan a 1982 Willy Burgdorfer da abokan aikinsa suka wallafa bayanin ƙwayar bakteriyar da ke haddasa ta, aka sa mata suna Borrelia burgdorferi.

Wata ƙaramar kaska mai baƙaƙen ƙafafu ce ke ɗaukar ƙwayar daga ɓeraye da tsuntsaye ta sa wa mutum. Sai ta daɗe a manne da fata, galibi fiye da awa 24, kafin ta watsa cutar. Ba a ɗaukar ta daga mutum zuwa mutum ta hanyar gaisawa ko cin abinci tare. Ta fi yawa a arewa maso gabashin Amurka, da jihohin Wiskonsin da Minnesota, da kudancin Kanada, da ƙasashen Turai irin su Jamus, Austiriya, Sulobeniya da Birtaniya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa mutum kusan 476,000 ne ake yi wa maganin cutar a ƙasar duk shekara.

Yadda ake tabbatar da ita

Alamar da ta fi fitowa fili ita ce tabo mai faɗaɗa a wurin cizon, wanda ke bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 30, kuma ana ganinsa a jikin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na waɗanda suka kamu. Zazzaɓi, ciwon kai, kasala da ciwon jiki kan biyo baya. Idan likita ya ga wannan tabo a jikin wanda ya shiga yankin da cutar take, ƙa'ida ita ce ya fara magani nan take ba tare da jiran gwajin jini ba. Dalili kuwa shi ne gwajin yana neman sinadaran da garkuwar jiki ke fitarwa ne, kuma sukan ɗauki makonni kafin su taru, don haka sakamakon makonnin farko yana iya nuna babu cuta alhali tana nan. Gwajin da aka amince da shi mataki biyu ne, na biyun yana tabbatar da na farko.

Akwai abin da ya shafi baƙar fata kai tsaye. Hotunan da aka daɗe ana koyar da ɗaliban likitanci da su na farar fata ne, inda tabon ke fitowa jajir. A baƙar fata yakan yi duhu kamar wurin da aka buge, ko ya ƙi fitowa sosai. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa baƙaƙen fata sun fi fuskantar jinkirin gano cutar, har sai ta taɓa gaɓoɓi ko jijiyoyi. Ɗalibi ko ma'aikacin da ya yi bazara a waɗannan yankuna ya dawo Kano ko Damagaram da zazzaɓi, abu mafi sauƙi shi ne a ba shi maganin maleriya a sallame shi. Ya kamata ya faɗa wa likita inda ya je, da watan da ya je, da ko ya shiga daji ko ciyawa mai tsawo.

Wane likita za a nema

Ga wanda aka gano cutarsa da wuri, likitan iyali ko na asibitin unguwa ya wadatar. A Birtaniya ma ta hannunsa ake bi kafin a kai ga ƙwararre. Ana buƙatar ƙwararre ne idan cutar ta wuce fata. Kumburin gwiwa ko wata babbar gaɓa aikin likitan gaɓoɓi ne. Shanyewar ɓarin fuska, sanƙarewar wuya ko raɗaɗin da ke bin jijiya na likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne. Idan sakamakon gwaji ya rikice, ko magani bai yi aiki ba, likitan cututtuka masu yaɗuwa ake nema. Bugun zuciya da ya rikice, jiri, suma ko ƙarancin numfashi kuwa ba a jiran ranar ganin likita da su, sashen gaggawa ake nufa, domin cutar kan taɓa zuciya a kusan kashi 1 cikin ɗari na waɗanda aka ba da rahotonsu, kuma ta taɓa yin kisa ta wannan hanya.

Kafin ganin likita, yana da amfani mara lafiya ya ɗauki hoton tabon kullum da waya, ya rubuta ranar cizon da ranar da kowace alama ta fara, ya kuma tafi da sunayen magungunan da yake sha. A Amurka, inda kuɗin asibiti ke iya karya mutum, a tabbatar tun farko cewa likitan yana cikin waɗanda inshorar mara lafiyar ke biya.

Maganin da ƙa'idar yanzu ta tanada

Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka, IDSA, ta fitar a 2020 tare da ƙungiyoyin likitocin jijiyoyi da na gaɓoɓi sun tsara maganin kamar haka: ga mai tabon farko, ƙwayar doksisaikilin ta kwana 10, ko amoksisilin ko sefuroksim na kwana 14. Ga kumburin gaɓoɓi, kwana 28. Ga wadda ta taɓa jijiyoyi, kwana 14 zuwa 21, ko dai na haɗiya ko allurar seftiriyakson ta jijiya. Ƙa'idar Birtaniya ta 2018 ta ɗan fi tsawo, kwana 21 na doksisaikilin ga babba. Masu juna biyu ana kauce musu doksisaikilin, a ba su amoksisilin.

Doksisaikilin ana shan sa da ruwa mai yawa, kuma ba a kwanciya nan da nan bayan sha. Madara, maganin gyambon ciki da ƙwayoyin ƙarin jini suna rage masa ƙarfi idan an haɗa su lokaci guda, kuma yana sa fata saurin ƙonewa a rana. Wasu kan ji zazzaɓi da ciwon jiki sun ƙaru a ranar farko yayin da ƙwayoyin ke mutuwa. Wannan yakan wuce, amma kumburin fuska ko wahalar numfashi alamar jiki ya ƙi maganin ce, a garzaya asibiti.

Inda rigimar take

Mafi yawan waɗanda suka sha magani da wuri suna warkewa sarai. Sai dai wani kaso, da ake ƙiyastawa tsakanin 5 zuwa 10 cikin ɗari, yakan ci gaba da fama da gajiya, ciwon jiki da mantuwa har bayan wata shida. Wahalarsu ta gaske ce, kuma da yawa sun koka cewa likitoci sun yi watsi da su. A kan wannan giɓi aka samu ɓangare na biyu, ƙungiyar ILADS da likitocin da ke kiran kansu masana cutar Layim, waɗanda ke ganin ƙwayar na ɓuya a jiki, don haka suke rubuta magani na watanni ko shekaru.

Rigimar ta shiga siyasa a 2006, lokacin da babban lauyan jihar Konetikat na wancan zamani, Richard Blumenthal, ya buɗe bincike kan yadda IDSA ta tsara ƙa'idojinta, bisa zargin cewa wasu mambobin kwamitin na da wata maslaha ta kuɗi. An sasanta a 2008 da sharaɗin kafa sabon kwamiti mai zaman kansa, wanda a 2010 ya tabbatar da ƙa'idojin. A 2009 kuma Konetikat ta yi dokar da ke kare likitocin da ke ba da dogon magani daga hukuncin hukumar lasisi.

Doka ba ta sauya abin da gwaji ya nuna ba. Gwaje-gwajen da aka wallafa a Amurka a 2001, da wanda aka yi a Holan aka wallafa a 2016, ba su samu wani amfani mai ɗorewa a tsawaita maganin ba. A 2017 CDC ta ba da rahoton mutum biyar da suka kamu da munanan cututtuka sanadiyyar irin wannan magani, har da rasa rai. Yawancin asibitocin da ke wannan aiki ba sa karɓar inshora, daga aljihu ake biya. Haɗari mafi girma shi ne a laƙaba wa mutum Layim alhali wata cuta ce daban ke cin sa, lokaci yana tafiya ba a yi mata magani ba.

Tambayoyin da ke tantance likita

Kafin mara lafiya ya miƙa kansa da kuɗinsa, yana da haƙƙin ya tambayi wace ƙa'ida likitan ke bi, kwana nawa maganin zai ɗauka, da ko hukuma ta amince da gwajin da za a yi masa. Likitan da ke sayar da magungunan da ya rubuta a ofishinsa, ko ya dage sai an aika jini wani ɗakin gwaji guda da ya zaɓa, ko ya kasa faɗin ranar da magani zai ƙare, ya cancanci a nemi ra'ayin wani likitan a kansa. Haka nan wanda ya ce wa mai fama da gajiya bayan magani babu abin da ke damunsa, ba tare da ya binciki wasu dalilai ba. Kaskar da ke kawo Layim tana iya ɗauko wasu cututtukan tare da ita, irin su babesiya, wadda maganinta daban ne.

Warkewa daga cutar ba ta hana sake kamuwa. Allurar rigakafin LYMErix da aka amince da ita a 1998 an janye ta daga kasuwa a 2002, bayan cinikinta ya faɗi. Kamfanonin Pfizer da Valneva sun kai wata sabuwa matakin gwaji na uku. Ga mai zama ko ziyara a yankunan cutar, kariya ta yau da kullum ita ce dogayen tufafi, maganin korar ƙwari, da duba jiki bayan an fito daga ciyawa. Wanda ya cire kaskar da ta daɗe a jikinsa ya ga likita cikin awa 72, domin a wannan tsakani ana iya ba shi doksisaikilin sau ɗaya tak don tare cutar tun kafin ta fara.