Yadda Mai Babur Ya Rabu da Sifanarsa

Sana'ar gyaran babur a ƙasar Hausa 'yar gyaran keke ce. Tun babur bai yawaita ba, a gindin bishiya ko bakin kasuwa akwai mai faci da famfonsa da kwanon ruwan da yake tsoma tif don gano inda iska ke fita, yana hidimar kekunan Raleigh. Amma mai keke bai cika zuwa wurinsa ba sai abin ya fi ƙarfinsa, domin ɗaure birki da mayar da sarƙa aikin kowa ne. Da kuɗin ƙarin albashin Udoji suka shigo hannun ma'aikata a 1975, malaman makaranta da akawuna da malaman gona suka koma kan Honda da Suzuki da Yamaha da Vespa, kuma da wannan ɗabi'ar suka hau. Wanda ya koyi gyaran babur ɗinsa a yau don sha'awa, ba wata al'adar Turawa ya aro ba. Abin da aka sani a nan ne, aka sake shi daga baya.

Shaidar farko tana jikin mashin ɗin kansa. Baburan wancan zamani suna zuwa da 'yar jakar kayan aiki, da sifanar fulogi da sukudireba da filaya, don kamfani ya ɗauka mai shi zai taɓa injinsa. Mai tsohuwar Vespa dole ya san gwargwadon baƙin man da ake haɗawa da fetur, in ba haka ba fistin ya kama, ga kuma tayar safaya da yake ɗauke da ita don ya canja da hannunsa a hanya. Malamin da aka tura ƙauye ba shi da gareji kusa, saboda haka goge fulogi da wanke kabireta sun zama masa kamar wankin rigarsa. Su ma kamfanonin sun lura da abin da ke faruwa inda aka yi sakaci. Injiniyoyin Honda da suka zaga ƙasashen kudu maso gabashin Asiya sun tarar ana lodi fiye da ƙima, ba a yin juye sai mai ya koma kwalta, shi ya sa a 1975 suka fito da CG125, mai sauƙaƙan inji da ke jure wahala, wanda sifana kaɗan ke isa a kwance shi. Wannan injin ne masana'antun Sin suka yi ta kwaikwaya, har yau jikokinsa na kan titunanmu.

Abin da ya raba mai babur da sifanarsa talauci ne da arha, kuma a jere suka zo. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, motocin haya suka yi ƙaranci, sai babur ya tashi daga abin hawan mutum ya koma jarin acaɓa, ko kabu-kabu kamar yadda ake ce masa a Nijar. Ɗan acaɓa sau da yawa ba nasa ba ne mashin ɗin, balas yake kaiwa kullum, kuma duk sa'ar da ya ɓata yana kwance inji asara ce. Ya fi masa ya miƙa wa bakanike ya tsaya a kansa. Daga nan Jincheng da ire-irensa suka cika kasuwa, Bajaj na Indiya ya biyo baya, kayan gyara suka yi arhar da wanke kabireta ya zama ɓata lokaci, tunda sabuwa na rataye a shago. Gareji suka yawaita, yara masu koyo suka cika su, amma ilimin ya ƙuntata, ya karkata daga gano cuta zuwa cire wannan a sa wancan. Har lokacin da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, makanikai da dama suka koma kan babura masu ƙafa uku na A Daidaita Sahu, masu baburan gida ba su koma ga sifana ba. An riga an yi tsarar da ba ta taɓa ganin uba yana goge fulogi a zaure ba.

Za a ce mai koyo don sha'awa zai cire wa bakanike abinci daga baki. Tarihin bai nuna haka ba, domin a zamanin da masu babur suka fi sanin injinsu ne sana'ar ta kafu. Wanda ya san ƙarar bawul shi ke kai mashin da wuri, shi ke bambanta gwani da mai lalube, kuma shi ke yarda ya biya aikin kirki kuɗinsa. Za a kuma ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma wannan magana tana da nauyi, don birkin da aka ɗaure ba daidai ba rai yake ci. Sai dai maganin ƙaramin sani shi ne zama gaban wanda ya iya, kamar yadda kowane yaron gareji ya fara da miƙa wa maigidansa sifana mai lamba goma kafin a bar shi ya taɓa inji. Juye da gyaran sarƙa da duba iskar taya da matatar iska na mai babur ne, buɗe inji na bakanike ne har sai hannu ya nuna. Ƙorafi na uku ba a cika furta shi ba, wato ganin cewa baƙin mai a farce bai dace da mai ilimin boko ba. Malaman da suka sayi Honda da kuɗin Udoji su ne 'yan bokon zamaninsu, kuma da jakar sifana suke zuwa makaranta.